Ina so na haddace Alƙur'ani amma kullum sai na tsaya a hanya

Ɗan Kasuwa: Assalamu alaikum malamai. Mutum mai sana'a, wanda bai da lokaci sai bayan Asuba da bayan Isha, yaya zai tsara hadda ta yadda ba zai yi wata biyu ya watsar ba?

Malamin Allo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, "zan haddace Alƙur'ani" niyya ce mai kyau, amma ba ta gaya maka abin da za ka yi gobe da safe ba. Sai ka yi lissafi. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, layi 15 a shafi, izu ɗaya kusan shafi 10. Ka ɗauki rabin shafi kullum, kwana biyar a mako, ka bar Alhamis da Juma'a, ranakun hutun makarantar allo, don tishe, wato maimaita abin da ka haddace. Shafi biyu da rabi ke nan a mako, izu guda a mako huɗu. Kada ka rubuta izu 12 a shekara, rubuta 10, don akwai rashin lafiya, tafiya da hidimar biki. Burinka na farko ya zama: daga Nasi zuwa Sabbi cikin mako shida, don wannan izun ya ɗan fi shafi 10.

Ummu Hafsa: Malam ya yi daidai, sai dai abin da ke kayar da mutane shi ne tsohuwar hadda. Sabon darasi yana da daɗi, mutum ya yi ta gaba, ya waiwayo ya tarar izun Amma ya zube. Sabo bayan Asuba, minti 30, a maimaita kowace aya sau 20 kafin a haɗa ta da ta gaba. Bayan Isha kuma darussan kwana biyar da suka wuce, da shafi biyar na tsohuwa, ba tare da duba mus'hafi ba. Ranar da tilawa ta kakare, a dakatar da sabo. Kuma kada a riƙa canza mus'hafi, ido yana riƙe inda aya take a shafi.

Gardi: Ka nemi wanda zai saurare ka ko sau biyu a mako. Kuskuren wasali idan ya kwana uku a baki, cire shi ya fi sabuwar hadda wuya. Idan ka rasa kwana ɗaya, kada ka ninka gobe, ci gaba daga inda ka tsaya.

Ɗan Kasuwa: Allah ya saka da alheri. Da azumi fa, na ƙara yawa?

Malamin Allo: A'a, ka tsayar da sabo, ka ja abin da ka riƙe a nafilolinka na dare.