Direba ne kuma makaniki: wa zai gada a Java?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta manhajar albashi da yaren rubuta manhaja na Java ga wani kamfanin sufuri. Na yi kilas (wato samfurin da ake ƙirƙirar abubuwa daga gare shi) mai suna `Maaikaci`, sai `Direba` da `Makaniki` suka gaje shi da `extends`. Yanzu an ce min akwai ma'aikatan da ke tuƙi kuma su ne ke gyara, ga shi kowane aiki da alawus ɗinsa. Na so in yi kilas ɗaya ya gaji biyun, Java ta ƙi fur. Ina mafita?

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Da gangan aka hana, a Java uba ɗaya kilas ke da shi. Idan Direba da Makaniki kowa ya sake rubuta `alawus()` nasa, wanne ɗan zai bi? Yaren Python yana yarda, yana bin jerin fifikon iyaye da ake kira MRO. A Java sai dai intafes, wato jerin abubuwan da kilas ya yi alkawarin cikawa, `implements` na ɗaukar da yawa. Tun Java 8, a 2014, intafes na iya zuwa da aikinsa a rubuce, amma in biyu suka yi karo kai za ka raba gardama.

Wata 'yar uwa: Malam, wannan faci ne kawai. Gobe a ce ga mai kula da sito yana tuƙi, sai wani kilas kuma? Ayyuka 3 kaɗai na ba da haɗi 7. Abin da ya fi damuna ma, abin da aka ƙirƙira daga `Direba` ba ya sauya kilas har abada. Ran da aka mayar da mutumin gareji, sai ka ƙirƙiri sabo ka kwashe bayanansa da hannu. Tuƙi aiki ne da ake riƙewa a ajiye. Ka bar `Maaikaci` shi kaɗai, ka ba shi jerin ayyuka, wato `List<Aiki>`. `Tuki` da `Gyara` su cika intafes ɗin `Aiki`, albashi ya tara alawus ɗin duk abin da ke cikin jerin.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Ke nan in yi watsi da gado gaba ɗaya?

'Yar uwar: A'a. Ma'aunin da masaniyar kwamfuta Barbara Liskov ta kawo a 1987 shi ne ɗa ya iya tsayawa duk inda aka sa uban ba tare da wani abu ya lalace ba. `Bas` da `Tirela` su gaji `Mota`, ba laifi, bas ba ta wayar gari ta zama tirela.

Wani kuma: Kafin ka fara rushewa, nemo duk inda ka rubuta `instanceof Direba` don duba ko abu Direba ne. Nan ne zai fara fashe maka.