Ƙanena yana daina shan magani da zarar ya ji sauƙi: yaya iyalai irinmu suke yi?

Yayar majinyaci, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 24 yana fama da taɓin hankali irin wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, kuma ni da mahaifiyarmu ne muke jinyarsa. Idan yana shan magani yakan dawo hayyacinsa har ya koma shagon ɗinki, amma da zarar ya ji sauƙi sai ya ce ya warke, ya riƙa tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa, bayan 'yan makonni kuma barci ya ƙaurace masa, ya fara jin muryoyin da mu ba ma ji. Baffanninmu sun dage cewa jifa ne, a kai shi gidan mari. Inna kuwa ba ta son ko maƙwabta su sani, saboda ana neman auren ƙanwarmu. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan jinya, kuma ina so in ji ko akwai iyalai irinmu a Zariya da za mu riƙa tuntuɓar juna.

Ma'aikacin jinya mai ritaya, Samaru:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da alheri. Ku fara da tambayarsa, cikin lumana, abin da ya sa yake ƙin maganin, domin sau da yawa ba taurin kai ba ne. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine sukan sa rawar hannu, sanƙarewar jiki, dalalar miyau da yawan barci, kuma tela wanda hannunsa ke rawa a kan keke dole ya tsani ƙwayar da ta jawo masa hakan. Wannan abu ne da likita zai iya gyarawa, ko ya rage adadin, ko ya sauya zuwa wani kamar risperidone, ko ya mayar da shi kan allurar da ake yi bayan 'yan makonni, wadda ke raba gida da rigimar kullum. Kada dai ku rage ko ku ƙara da kanku, kuma kada ku sayi magani a kemis bisa shawarar maƙwabci.

Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. Ki tanadi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta daren da bai yi barci ba da ranar da ya daina wanka ko ya ƙi abinci, ki tafi da shi ranar ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 1 cikin 300 ne ke da wannan ciwo, saboda haka a gari kamar Zariya gidajen da ke ɓoye irin naku suna da yawa.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Doka:

'Yar'uwa, ki isar wa baffanninku da wannan cikin ladabi. Ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma babu malamin kirki da zai ce a yi ruƙiyya a zubar da maganin asibiti. A haɗa su duka. Mari da bulala kuwa zalunci ne a kan mutumin da shari'a ta ɗauke wa alƙalami. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Maman 'yan biyu, Sabon Gari:

Ƙanwata, ni 'yata ce ciwon ya kama tana cikin jego, ba ta yi arba'in ba. A kan bencin jiran likita na haɗu da matan da suka zame mini 'yan'uwa. Mun karɓi lambar juna, yanzu muna haɗuwa a tsakar gidan ɗayarmu bayan la'asar, muna zuba ɗan adashi domin wadda kuɗin maganinta ya yanke, kuma idan wata tana da biki ko rasuwa, wata takan je ta zauna mata da majinyaci. Ba mu da suna ko rajista, amma a nan na koyi cewa gardama da mai jin muryoyi ba ta da amfani, kuma faɗa da gori a gida suna tayar da ciwon.

Game da auren, ra'ayina ya saɓa da na Inna, duk da na fahimci tsoronta. Gara manya su faɗa wa dangin mijin da bakinsu cewa yaron yana da lalura kuma yana kan magani, domin idan suka ji a bakin 'yan unguwa bayan an ɗaura, yarinyar ce za ta sha gorin. Ki kuma kula da Inna, don mai jinya ma yana gajiya.

Ɗalibin lauya, Kongo:

Yaya, akwai ɓangaren doka da ya kamata iyalai su sani. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Ta hana nuna wa masu wannan lalura wariya, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kula da su. Sai dai aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, kuma muryar gida ɗaya ba ta isa ko'ina. Ina roƙon Hajiya Maman 'yan biyu da ƙawayenta su yarda a faɗaɗa zamansu, a sa maza a ciki, mu kuma ɗalibai za mu taimaka da rubuta takarda zuwa ga ɗan majalisar jiha da Masarautar Zazzau a kan tsadar magani da gidajen mari. Malam kuma ya taimaka ya yi wa limamai magana, ko za a samu huɗuba a kan batun a Juma'ar da ta fi kusa da 10 ga Oktoba, Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya.