Neman shawara: mu hana Mega Knight a gasar unguwarmu ko mu bar shi?

Mai shagon caji, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk daren Asabar bayan isha'i samarin unguwa kan taru a bakin shagona mu buga gasar Clash Royale, wasan waya ne da ake yaƙi da katunan sojoji, kowa na neman rushe hasumiyoyin abokin karawarsa. Mu goma sha biyu ne. Ba kuɗi muke zubawa ba, wani yayanmu ne ke saya wa zakara data. To wata uku ke nan yaro ɗaya ke cinye mu. Wansa da ke aiki a Abuja na turo mai kuɗi, ya kai katinsa na Mega Knight, wani ƙaton soja mai dirowa, ƙololuwar mataki, har ya buɗe mai sabuwar siffar nan ta Evolution. Da ya diro da shi bakin gadar da ke tsakiyar filin wasan, duk abin da ka tara ya watse. Makon jiya mutum huɗu suka ce in ba a hana katin ba sun bar zuwa. Shi kuma yaron ya ce cikin wasan ya tarar da katin, ba sato shi ya yi ba. Ni ne alƙali, kuma ina cikin masu shan kashi, duk hukuncin da na yanke za a ce son zuciya ne. Mi kuka gani?

Na Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Hana shi kawai, Malam. Gasar da aka san zakaranta tun kafin a fara, ai ba gasa ba ce, zaman kallo ne.

Tsohon ɗan wasa, Ƙofar Marusa:
Ɗan'uwa, tun 2016 da kamfanin Supercell ya fito da wasan ga nake ciki, kuma ban taɓa ganin lokacin da ba a kukan wani kati ba. Bari in tambaye ka: da wane irin wasa kuke gasar? In kuna gwada kofuna ne, wato makin da ake samu in an ci, a wasan yau da kullum, to tun nan kuka zalunci kanku, don can matakin kati ke magana, mai kuɗi kuwa shi ke gaba. Ku koma wasan sada zumunci na cikin ƙungiya, inda ake daidaita matakin katunan kowa. Rabin kukan zai mutu a daren.

Sauran rabin kuwa, ku yi haƙuri, rashin iyawa ne. Mega Knight eliksa 7 yake ci, wato ƙarfin da kake kashewa ka sauke kati, alhali ma'ajiyarka ba ta wuce 10. Duk wanda ya sauke shi ya kusa tsiyacewa a lokacin. Kuma ba ya taɓa abin da ke tashi sama ko kaɗan. Katin Inferno Dragon na eliksa 4, da yake mai tashi sama ne, zai ƙone shi yana kallo. Inferno Tower na 5 haka. P.E.K.K.A gaba da gaba ta fi ƙarfinsa. Ko Knight na eliksa 3, in ka aje shi tsakiya ya jawo shi inda hasumiyoyinka biyu ke harbi, ka ci riba. Abin da ke kashe ku shi ne tara ƙananan sojoji wuri guda a bakin gada, shi kuma abin da yake jira ke nan ya faɗo masu bisa kai. Kati takwas gare ka, kuma ka san abin da yaron zai kawo tun daga gida. In ka zo ba maganinsa a aljihu, laifin wa?

Malamin makaranta, Daura:
Ni ban san wasan naku ba, 'ya'yana, amma na san dara da ces. A ces babu abin da ya kai sarauniya ɓarna, kuma ba haka take ba tun asali. A da taku ɗaya take yi a karkace, sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 a Turai aka sake mata hanya, wasan ya ƙara zafi, ba wanda ya ce an lalata shi. Dalili, kowa da tasa guda. A dara ma 'ya'ya goma sha biyu gare ka, goma sha biyu gare ni, in na cinye ka sai ka nemi laifin kanka. Tambayar da zan yi ita ce, sarauniyar tasa kowa na da irinta, ko a kasuwa ya saye ta?

Ɗalibi, Layout:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Yaya na Ƙofar Marusa, ina girmama ka, amma ka tsallake maganar Evolution. Tun da aka kawo su a 2023, sai ka haɗa gutsattsari shida kafin ka buɗe wa kati ɗaya. Mai kuɗi ya gama cikin kwana guda, ni mai lissafin kuɗin data sai in yi ta jira. Daidaita mataki daban, mallakar abin daban. Shi ya sa ban yarda duk rashin iyawa ba ne.

Amma hanawa ma ba ta kai ku ko'ina. Yau Mega Knight, gobe wani ya koyi Hog Rider ya addabe ku, a ce shi ma a cire. Dara ta ci gida. Ku gwada Draft: ana nuna maka kati biyu, ka ɗauki ɗaya, ɗayan ya tafi wurin abokin karawarka. Can aljihun wan kowa ba ya aiki.

Wata uwa, Ƙofar Soro:
Ni ba ta katin nake ba. Alhamdulillahi da ba caca kuke ba, ku riƙe hakan. Amma wan yaron nan ya san inda kuɗinsa ke tafiya? Kai mai shago, kai ne babba a wurin, ka ja shi gefe ka tambaye shi cikin hikima, ban da gaban abokansa.

Na Sabuwar Unguwa:
Draft ɗin nan sa'a ce tsagwaronta, wallahi. Sai a ba ka tarkacen da ba su haɗu ba.

Ɗalibi, Layout:
To ku yi mafi rinjaye cikin uku. Sa'a ba ta bin mutum ɗaya kullum.

Mai shagon caji, Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gaskiya da kofuna muke yi, kunya ma ta kama ni da na karanta. Asabar mai zuwa za mu koma wasan sada zumunci, zagayen farko kowa da katunansa har da Mega Knight, daga kusa da na ƙarshe kuma Draft, mafi rinjaye cikin uku. Na faɗa wa yaron, ya yi dariya ya ce ko da ƙananan sojojin nan Goblins aka bar shi sai ya ci datar. Hajiya, na ji maganarki, zan same shi gobe in ya kawo caji. Yaya na Ƙofar Marusa, in da hali ka leƙo ka nuna muna yadda ake aje Knight ɗin nan, shayi na wuyana.