"Feɗe biri har wutsiya": daidai take da dissect ta Ingilishi?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Wasu masu fassara na sa "feɗe biri har wutsiya" a gurbin dissect. Ya dace kuwa?

Malamin Harshe: Wa alaikumus salam. Dissect daga Latin ta fito: dis na nufin rarrabewa, secare kuma yanka. Ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1600, da ma'anar yanka gawa gaɓa-gaɓa don a san yadda take, daga baya aka aro ta ga bin magana daki-daki. Tushensu ɗaya da section, har da insect, don jikin ƙwaro kamar an daddatsa shi ne gida uku: kai, ƙirji, ciki. A ganina fassarar ta zauna.

Ɗan Fawa: Malam, a gafarce ni, fiɗa daban, daddatsawa daban. Fiɗa raba fata ne da nama. Bayan yanka, a ɗan tsaga fatar ƙafar baya a hura iska har dabbar ta kumbura. Sai a ja wuƙa daga wuya, ta ƙirji, zuwa gindin wutsiya, a tsaga cikin ƙafafu huɗu. Daga nan dunƙulen hannu ke aiki, don wuƙa in ta yi yawa sai ta huda fata, majemi ya karya mata daraja. Sai an gama wannan ake fasa ciki, a yi hattara da tumbi da matsarmama, don in ta fashe nama ya yi ɗaci. Wutsiya kuwa fatarta manne take da ƙashi, ba wani nama, shi ya sa akan datse ta kawai. Ta biri ga tsawo. Wanda ya bi ta har ƙarshe bai bar komai a rufe ba.

Ɗalibar Likitanci: Baba, bayaninka ya fito da bambancin. A ɗakin karatun gaɓɓai cire fata matakin farko ne kawai. Sai a ware tsoka daga tsoka, galibi da bayan almakashi, don kaifi na tsinke jijiya kafin a gane ta. Birin ma yana cikin tarihin aikin. Galen, likitan zamanin Rumawa a ƙarni na 2, birai da aladu ya riƙa buɗewa, tunda ba a yarda da taɓa gawar mutum ba. Ya ce muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi biyu ne. Vesalius, wani likitan Turai da ya duba gawar mutum da kansa, ya nuna a 1543 cewa ƙashi ɗaya ne.

Hajiya Mai Karatu: Ku duba inda ake faɗinta. Cewa ake "ya feɗe musu biri har wutsiya", wato akwai masu sauraro, akwai kuma abin da aka daɗe ana rufewa, kamar rigimar gado ko kuɗin ƙungiya. Mai faɗin ya riga ya sani. Mai dissect kuwa nema yake, ko shi kaɗai a ɗaki.

Malamin Harshe: Na karɓi gyara, Hajiya. In ɗalibi ne da waƙa a gabansa, sai a ce ya yi mata filla-filla, ko ya tsettsefe ta. Amma ɗan jarida da ya bi kasafin kuɗi layi-layi a rediyo, ya yi duka biyun, don haka a nan ban janye ba.

Ɗan Fawa: A nan ma sai in ya faɗi inda kuɗin suka shiga. In lissafi kawai ya karanta, bai kai wutsiya ba.