Me ya sa esin bas ya fi shan mai a wasu watanni a Akra?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum masana. Bas ɗaya, direba ɗaya, hanya ɗaya daga Madina zuwa Circle a nan Akra, amma dizal ɗin da yake sha a Maris da Afrilu ya fi na Agusta in esi (na'urar sanyaya iska) na kunne. Zafi ne kaɗai, ko da wata matsala?

Tsohon Fita: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai zafi, don a Maris Akra kan kai digiri 32 da rana, a Agusta kuwa da kyar ta wuce 28. Amma laima ce mutane ke mantawa da ita. Esi aiki biyu yake yi: ya sauke zafin iska, ya kuma tatse ruwan da ke cikinta. Ruwan nan da kake gani yana ɗiga ta tiyo ƙarƙashin bas, kowace lita ta cinye kusan kilowat-awa 0.7 na sanyin da esin ya samar, ba tare da ta rage zafi ko digiri ɗaya ba. Mu kuwa a bakin teku muke, laima kan haura kashi 75 cikin ɗari. In zafi da laima suka haɗu, kwamfaresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin sanyi, ba ya samun hutu, yana jan wajen kilowat 10 daga inji ta bel.

Ƙara da fasinja. Wajen fitar da zafi, kowane mutum kamar ƙwan fitila ne mai wat 100, ga gumi da numfashi. Mutum 70, kilowat 7 ke nan, kafin ka lissafa ranar da ke dukan rufi da gilasai.

Mai Gas, Kumasi: Gaskiya ne Masta, sai dai kada a saki jiki da hunturu. Daga Disamba iska ta bushe, nauyin esi ya ragu, amma ƙura kan toshe haƙoran kwandensa, wato siraran ƙarafunan da esi ke fitar da zafi ta cikinsu, a saman rufi. Zafi ya kasa fita, matsin gas ya hau, kwamfaresa ya dinga yankewa yana dawowa. Sai Maris ya riski bas a haka. A wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi kafin ƙarshen Fabrairu, don mai ƙarfi yana lanƙwasa haƙoran. Filtar ciki a kakkaɓe ta duk mako. Kuma don Allah a daina ɗura gas ɗin esi, R134a, da ka. A kwashe na ciki, a zuƙe iska, a zuba da sikeli daidai abin da ke rubuce jikin na'urar. Gas in ya yi yawa, shi ma matsi yake ƙarawa.

Hajiya Mai Lissafi: Ɗan Nima, duba ɗabi'ar direba ma. A sa esi a 24 ko 25, a rage ƙofar iskar waje amma kada a rufe ta ruf, mutane na buƙatar numfashi. A cunkoson Circle inji na gudu a hankali, sanyi ya yi kaɗan, mai kuma na ƙonewa ba tafiya. Haka barin ƙofar bas a buɗe a tasha ana jiran lodi. Ka rubuta lita, kilomita da awannin esi kullum, wata uku sun isa ka ga inda man ke tafiya.