Neman kalma: me za mu kira "emaciated"?

Jama'ar Gombe, ku kawo ɗauki. An ba ni fassarar wata takardar wayar da kai kan yunwar yara, na zo kan emaciated na cije. Na sa "ramamme", sai na ga ya yi sauƙi da yawa. Wanda zazzaɓin kwana uku ya kayar ma ramewa yake yi. "Siriri" kuwa halitta ce, har yabo ake yi da ita. Abin da Bature ke nufi shi ne yaron da za ka ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa, fatar ɗuwawunsa ta saki kamar wandon aro.

Wani malamin Hausa daga Kumo: Malam, ai kalmar tana hannunka. Ƙanjamewa. Yaro ya ƙanjame, ƙanjamamme.

Ni ma ita ta fara zuwa mini, Allah gafarta Malam. Amma cutar ƙanjamau ta riga ta ƙwace ta. Ka ce wa uwa ɗanta ya ƙanjame, kafin ka rufe baki ta goya shi ta kama hanya, gobe kishiya ta ji.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Dukku: Gaskiyarka, Yaya. Mu a wurin awo tamowa muke cewa. Muna zagaya damtsen yaro da ɗan tef mai launi uku, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa 59, sai a fara ba shi haɗin gyaɗar nan na leda. Sai dai tamowa sunan ciwon ne, ba kamannin jiki ba. Akwai mai tamowar da kumbura yake yi, ka danna ƙafarsa da yatsa ramin ya zauna, gashi ya yi ja ya yi laushi. Kaka ta gani ta ce jikanta ya yi ƙiba.

Haka ne, Hajiya, wannan mai kumburin shi ne kwashiyoko. Kalmar ma ba ta Turawa ba ce, daga harshen Ga na Gana likita Cicely Williams ta ɗauko ta a 1935, ma'anarta ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Da Bahaushe ta tambaya, da labarin kwanika za ta sha.

Malamin Kumo ya dawo: To ka ɗauki tsamurewa.

Madalla! Ta zauna daram, kuma babu wanda zai ji an yi masa gori. Emaciated dai tsamurarre, wasting (muguwar rama) tsamurewa. Stunting ba gardama, tsumburewa ce, tsawo ne ya ƙi. "Daga ƙashi sai fata" na bar wa masu karanta labarai a rediyo, ba zan sa ta a takardar da uwa za ta riƙe tana kallon ɗanta ba. Hajiya ta Dukku, ki gwada tsamurewar a kan matan awo ranar da za su taru, mu ji ko sun ɗauka.