Firiza tana shokin, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Maman Hauwa, Mabera: Salamu alaikum jama'a. Firizar da nike sai da ƙanƙara da ita ce ta fara jan mutane, in kana da silifa lahiya lau, amma jiya ɗiyata ta taho daga wanke-wanke ƙafa jiƙe ba takalmi, tana kama murfin sai kururuwa munka ji. Mi ke kawo haka don Allah?

Bello, Runjin Sambo: Hajiya duba fulogin tukun. Namu haka ya yi, ashe yara sun karye babban haƙorin nan na sama don ya shiga soket ɗin bango, to shi ne na at, wato wayar kariya mai zuwa ƙasa.

Malam Sani mai wayarin: Shekara 15 ina wanga aiki, kullum shi nike faɗa ma mutane, wuta ba ɓacewa take cikin ƙasa ba, hanyar komawa tiransifoma take biɗa. Can wajen tiransifoma an ɗaure nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da ƙasa, shi ya sa ƙasa ma hanya ce. In waya ta goge ciki ta taɓa ƙarfen firiza, bolt 230 na nan zaune jikinta yana jira, yarinyar da ta taka siminti jiƙe ita ta zama wayar komawa, silifa kuma roba ce sai ta tare. Koriyar wayar nan mai ratsin ɗorawa, wato ta at, aikinta ke nan, ta ba wutar hanya mai sauƙi don bireka ta faɗi. Ki sa a sa miki RCD, wani irin makunnin kariya ne, mai lamba 30mA (miliamfiya 30), yana ganin wutar da ta tafi ba ta dawo daidai ba zai yanke.

Abu, Arkilla: Mu rodinmu na at, ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa, na nan amma da rani ƙasar ta bushe ƙamas, kun san rairayin Sakkwato, da anka auna kamar babu shi. Sai da anka ƙara zurfi anka zuba gawayi da gishiri, yanzu nan nike alwala don wurin ya riƙa samun laima, ko da yake gishirin na cin rodi a hankali.

Malam Sani: Kuma kar wani ya haɗa miki at da nutural cikin soket wai dabara, na ga gidan da nutural ta tsinke a fol, har ƙofar firji ta ɗau wuta.

Maman Hauwa: Na duba yanzu Malam, waya biyu kaɗai ce cikin soket ɗin. Na zare firizar, ƙanƙarar yau dai ta narke.